Ranar da Wiebke Ba Ta Taɓa Gogen Ba

SHAFI NA 19

Yau maganar butulci ce, da girman kan da ke hana mutum ya waiwaya ya ga wanda yake tallafe da shi. Masu turo saƙo cewa na yi jinkiri, na ji ku. Abin da zan faɗa ba mai daɗin faɗa ba ne, don har da ni a cikin masu laifi.

Wanda bai karanta na baya ba, ga inda aka tsaya. Ƙungiyar makaɗan garinmu mutum arba'in da shida ne, babu mai cin abinci da kiɗa a cikinmu. Akwai malaman makaranta, akwai manoma, akwai mai gasa burodi. Ni Okke, tsohon mai walda a wajen ƙera jiragen ruwa, ni nake buga tambura a can baya. Detlef Brodersen, tsohon mai kantin tabarau, shi ne shugaban ƙungiya, kuma shi ke kujerar farko ta masu goge yau shekara talatin da ɗaya. Masu goge bibbiyu suke zama, takarda ɗaya a gabansu, na hagu shi ke juya shafi. A hagun Detlef, Wiebke ce take zama, yau shekara ashirin da huɗu.

Ranar Talata ya kai ƙararta gaban kwamiti. Wai ya kama ta tana murɗa masa tsirkiyar goge ba izini. Wai tana taka masa ƙafa ana cikin kiɗa. Wai tsufa ya rage mata hanzari. Kwamiti ya mayar da ita layin ƙarshe, aka ba wata yarinya Merle wurinta.

Ina cikin kwamitin. Ban ce komai ba.

Asabar, ƙarfe biyu na rana, muka taru bita a zauren tsohuwar makaranta. Saura kwana takwas bikin cikar ƙungiya shekara sittin, kuma a tsakiyar kiɗan akwai wurin da kowa ke yin ƙasa-ƙasa, gogen kujerar farko ya yi kuka shi kaɗai. Tun kaka Detlef yake gaya wa mutanen gari su zo su ji wurin nan.

Wiebke ta shigo, ta wuce tsohuwar kujerarta ba ta kalle ta ba, ta zo ta zauna dab da tamburana.

"Sannu da zuwa unguwar talakawa," na ce mata.

"Ashe akwai mutane a nan. Na zaci bango ne ke wannan hayaniyar."

"Ki toshe kunnen dama. Nan da rabin awa zan fara rashin mutunci."

Ba ta yi dariya ba. Tana fiƙe fensir.

"Kina fushi da ni," na ce.

"Ba na fushi. Ranar Talata ka manto bakinka a gida, shi ke nan."

Na haɗiye wannan, don gaskiya ce.

Detlef ya shigo. Kullum idan ya zo, akwatin gogensa yake buɗewa ya bari a kan kujera, ya tafi zagayen gaisawa da tambayar matar wa za ta kawo kek. Yau akwatin yana hammatarsa, a rufe. Da shi ya yi gaisuwar, da shi ya shiga banɗaki. Daga sanyin mota ya fito da shi, ya zo ya zauna kusa da hita.

Na sunkuya wajen Wiebke.

"Kin ga inda ya ajiye shi?"

"Na gani."

"Tsirkiyar nan duk za ta saki."

"Ta riga ta saki."

"To ba za ki..."

"An ce kada in taɓa, Okke. Har a takarda aka rubuta. Da sa hannunka."

Madugunmu Henning ya hau ɗan akwatin da yake tsayawa a kai, ya buga 'yar sandarsa. Aka yi shiru don saita kayan kiɗa. Uwe mai algaita ya busa muryar nan guda ɗaya da kowa ke bi. Detlef ya miƙe, kamar yadda ya saba, don shi zai fara karɓar muryar sannan ya miƙa wa sauran masu goge.

Ya ja sandar goge.

Ni mai walda ne, ƙarar ƙarfe ta cinye mini rabin kunne, amma abin da ya fito sai da ya sa na runtse ido. Muryar ta faɗi ƙasa nesa da ta Uwe, biyun suna karo da juna.

Detlef ya ɗan taɓa wajen murɗa tsirkiya, bai murɗa komai ba. Ya gyaɗa kai, ya juya ga jama'a ya ɗaga gira, wato ku bi ni.

Babu wanda ya ɗaga goge.

"Yallaɓai Brodersen," Merle ta ce a hankali, "ya ɗan sauka."

Bai juyo ba.

"Yallaɓai Brodersen."

Sai da ta taɓa hannun rigarsa.

"Mene ne?"

"Gogen ya sauka."

"Gogena ba ya sauka, yarinya. Tambayi kowa a nan. Wata guda yake yi ban murɗa shi ba. Algaitar Uwe ce ta hau, ya ci abinci mai gishiri."

Uwe ya buɗe baki, Henning ya yi masa alama da ido. Henning mutum ne mai gudun rigima, abin da ya kawo mu nan ke nan.

"Mu fara," ya ce. "Za a gyara ana tafiya."

Aka fara. Sashen farko dai aka lallaɓa, don mu na baya mun cika wurin da ƙara, na kuma ƙara hannu da gangan. Sai aka zo sashe mai sanyi, inda ba wurin ɓuya.

Kafin Detlef ya shiga, sai masu sarewa sun gama nasu. Ba su kai rabi ba ya shigo.

Henning ya ɗaga hannu. Kowa ya tsaya.

Detlef bai tsaya ba. Idonsa a rufe, yana rangaji, yana jan sandar da dukkan zuciyarsa.

"Detlef," Henning ya ce.

Yana ta yi.

"Detlef, mun tsaya."

Mutum arba'in da biyar muna zaune, kayan kiɗa a cinya, muna kallon dattijo ɗan shekara saba'in yana zuba kiɗan da ya karkace, fuskarsa cike da jin daɗi. Wata daga masu sarewa ta rufe fuska. Merle ta kai hannu za ta taɓa shi ta fasa. Na kalli Wiebke. Ƙafarta ta dama tana danna ƙasa, tana sake dannawa, a wurin da babu ƙafar kowa.

Sai da ya kai ƙarshen shafi, ya jira a juya masa, ba a juya ba, sannan ya buɗe ido.

Ya kalli Henning. Ya kalli Merle. Ya kalle mu.

Wuyansa ya yi ja har kunne.

"Wani ya taɓa mini goge," ya ce.

"Babu wanda ya taɓa shi," in ji Henning. "A hammatarka yake tun da ka zo."

"Na ce an taɓa shi." Ya miƙe ya nuna layin ƙarshe da sandar goge. "Ke. Don an ɗauke ki daga nan shi ne za ki kunyata ni? Shekara ashirin da huɗu ina ɗauke da ke, ina rufa miki asiri, abin da za ki saka mini da shi ke nan?"

Wiebke ta ajiye gogenta a kan kujera. Ta ajiye fensir. Ta tashi.

"Bari in matso," ta ce, "don ka ga bakina."

Ta ratsa tsakanin kujeru har ta tsaya a gabansa. Gajeruwa ce, sai da ta ɗaga kai.

"Detlef, yau ce rana ta farko a shekara shida da ban taɓa gogenka ba."

"Kun ji ko? Ta amsa da bakinta."

"Na amsa. Duk Asabar, kana zagayen gaisuwa, ni nake ɗaukar gogen nan in saita maka tsirkiya huɗu in mayar. Lokacin hutun kofi in sake. Ranar wasa, kana ɗaure wuyan riga a madubi, in yi sau uku. Gogen da kake cewa ba ya sauka, ni ce ba na barin sa ya sauka."

"Ƙarya."

"Ƙafar da ka kai ƙara kuwa, idan na taka sau ɗaya, ka shiga. Idan na danne ban ɗaga ba, an tsaya. Ban taɓa gaya maka ba, jikinka ne ya koya da kansa. Yau ba ƙafa, ka ga abin da ya faru."

"Me kike nufi?"

"Ba ka ji, Detlef. Muryar da ta yi sama duk ta wuce ka. Tamburan Okke kake ji, su ma a ƙasan kujera kake jin su. Magana kuwa a leɓe kake karanta rabinta."

Ya yi wata dariya marar daɗi.

"Ni? Ni da nake gyara wa kowa kiɗa a wurin nan?"

"Tambayi Gesa me ya sa take fita lambu duk lokacin da ka ɗauki goge a gida. Har da ranar da ake ƙanƙara."

"Kada ki sa matata a bakinki."

"Ita ta sa ni a ciki. Shekara shida da suka wuce ta same ni a gidan waya ina aiki, ta jira har layi ya ƙare. Ta ce likita ya gwada ka, ya ba ka abin ƙara ji na sawa a kunne, ka jefa shi a aljihun tebur, ka sa ta rantse ba za ta gaya wa kowa ba. Ta ce idan aka raba ka da kujerar nan ba za ka kai bazara ba. Ta roƙe ni tana kuka a gaban ma'aunin wasiƙa. Na ce zan yi shekara ɗaya."



Ni kuwa abin ya ishe ni. Na tashi, na zare nawa daga kunne na ɗaga masa.

"Kalle shi nan, Yallaɓai shugaba. Shekara tara yana kunnena, ban mutu ba, ba a kuma kore ni daga gari ba. Kai da ka yi shekara arba'in kana ɗora wa mutane tabarau a hanci kana ce musu ba abin kunya ba ne."

"Kai mai tambura ne," ya ce. "Ko icce aka ba sanda zai yi aikinka."

"Haka ne. Amma iccen ya san lokacin da aka tsaya."

Wani ya yi dariya ya haɗiye ta.

Detlef ya ɗora gogen a kujera.

"To ku gwada ni. Yanzu. A gaban kowa. Zan juya baya, Uwe ya busa, in ɗaga hannu. Idan na ɗaga, matar nan ta bar ƙungiya yau."

"Detlef, ba sai an kai nan ba," in ji Henning.

"Ni ne shugaba. Na ce a gwada."

Ya juya ya fuskanci bango.

Uwe ya kalli Henning. Henning ya kalli ƙasa. Uwe ya sa algaita a baki ya busa murya mai tsayi, doguwa, wadda ta sa gilashin taga rawa. Ya riƙe ta har fuskarsa ta kumbura.

Hannun Detlef yana gefensa.

Numfashin Uwe ya ƙare. Ya sauke algaitar ya ɗora a gwiwa.

Aka yi shiru. Na ƙirga a zuciyata, don ƙirga shiru shi ne rabin aikina. Na kai bakwai.

Detlef ya ɗaga hannu.

Ya juyo da murmushi, hannun yana sama. Ya ga algaitar kwance a gwiwar Uwe. Ya ga fuskokinmu.

Hannun ya sauko a hankali.

Na ga mutane da yawa sun ji labarin mutuwa a rayuwata. Haka fuskarsu take yi.

"Su wa suka sani?" ya tambaya.



"Na ce su wa suka sani."

"Duk wanda ya wuce shekara biyu a nan," na ce, na kuma buɗe baki sosai don ya gani. "Har da ni. Har da kwamitin da ya saurare ka ranar Talata."

"Kuka bar ni ina tsayawa a gaban gari."

"Mun bar ka."

Henning ya sauko daga akwatinsa. A nan kam ya yi abin kirki, zan faɗa masa wannan.

"Saurara, Detlef. Ba wanda yake son kujerarka. Ka je gida ka ɗauko abin nan daga aljihun tebur. Wiebke ta dawo hagunka. Kwana takwas sun isa. Ka yi wasanka ranar biki, mutanen gari ba za su san komai ba. Abu ɗaya kawai ya rage, ka ba ta haƙuri a nan inda ka zage ta."

Duk muka kalli Wiebke. Ba ta ce a'a ba. Ta tsaya, hannayenta a haɗe, tana jira. Na rantse da ya ce kalma ɗaya da ta ɗauko fensirinta ta zauna.

Masu karatu, a nan ne mutumin ya kashe kansa da bakinsa. Rashin ji ba laifinsa ba ne, Allah ne ya kawo. Abin da ya biyo baya shi ya zaɓa.

"Haƙuri?" ya ce. "Ni na roƙe ta? Na taɓa cewa ki taimake ni? Shekara shida kin mayar da ni abin kallo, kina jin daɗi kina cewa ga babban mutum a tafin hannuna. Macen da ba ta da miji ba ta da ɗa, ba ta da abin yi sai leƙen kayan mutane. Ba don ni ba wa ya san ki a garin nan? Mai lasar kan sarki."

Wiebke ta lumshe ido ta buɗe.

"Na gode," ta ce. "Da ma ina neman abin da zai hana ni jin tausayinka."

Ta juya ta koma layin ƙarshe ta zauna kusa da ni. Ta ɗora gogenta a cinya.

Detlef ya gyara wuyan riga.

"Ƙungiyar nan ubana yana cikin waɗanda suka kafa ta. Ko ni ko ita. Wanda yake tare da ni ya tashi mu fita."

A ƙa'idarmu, idan mai kujerar farko ya miƙe, kowa miƙewa yake. Ko madugu ne ya ce a tashi a karɓi tafi, ba a motsi sai an ga Detlef ya ɗaga. Shekara talatin da ɗaya gwiwoyinmu suna bin nasa, ko ba mu yi niyya ba.

Ya ɗauke gogen daga kujerarsa, ya zauna da gangan. Ya miƙe tsaye, a hankali, yadda yake yi a gaban jama'a ranar wasa.

Na ji gwiwata ta motsa da kanta. Na danne ta da hannu.

Babu wanda ya tashi. Ko ƙanin matarsa mai busa ƙaho, kansa yana sunkuye yana goge abin da ba datti a jikinsa.

Detlef ya tsaya haka shi kaɗai. Ya duba layi-layi, yana kiran mutane da ido. Mai burodi. Malamar lissafi, wadda shi ya koya mata riƙe goge tana 'yar shekara tara. Ba wanda ya yarda suka haɗa ido.

"Makullin zaure," in ji Henning. "Idan za ka tafi, sai mun rufe in mun gama."

Bai gane ba. Sai da Henning ya maimaita yana nuna ƙofa.

Ya zaro makullin daga aljihu ya sake shi a ƙasa. Ya sa goge a akwati, bai ko sassauta sandar ba, ya rufe.

To ga lissafin abin da Detlef Brodersen ya rasa tsakanin ƙarfe biyu da uku da rabi na ranar Asabar.

Kujerar farko, ta shekara talatin da ɗaya.

Shugabancin ƙungiyar da ubansa ya kafa.

Makullin zaure.

Kiɗan da ya gayyaci gari guda su zo su ji, sunansa kuma an riga an buga a takardun da ke manne a kowane kanti.

Wiebke, wadda ita kaɗai ce za ta iya mayar masa da waɗannan huɗun.

Na shida, wato aurensa, ban sani ba tukuna ko ya tafi ko yana nan. Yana kai wa ƙofa aka turo ta daga waje. Gesa ce, da farantin kek ɗin tuffa na hutun kofi, don satin nata ne. Ta ga akwati a hannunsa. Ta hango Wiebke a layin ƙarshe. Ta ga makulli a ƙasa.

"Detlef," ta ce, "bari in gaya maka yadda aka yi."

Ya kalli bakinta har ta gama. Ya raɓa ta gefenta ya fita.

Ta ajiye farantin a kan kujerar da ta fi kusa, ta bi shi har kan matakala ba ko rigar sanyi. Muna jin ta tana kiran sunansa, tana ƙara murya, shi kuma yana tafiya wajen mota bai waiwayo ba. Ko ƙi ya yi, ko bai ji ba, wannan ita ma Gesa ba ta sani ba.